Raddi Ga Masu Cewa Ƙa'idar Hargitsi Ta Zama Tsohon Yayi

Wasu 'yan boko na yaɗa cewa ƙa'idar hargitsi ta yi tashenta a shekarun 1980 ta wuce, ba ta tsinana wa kowa komai ba. Hujjojinsu uku ne.

Ta farko, sun ce ina amfanin ilimin da ke cewa hasashe ba ya yiwuwa? To, ƙa'idar ba ta faɗi haka ba. A 1961 Edward Lorenz, masanin yanayi a jami'ar MIT ta Amurka, ya so maimaita wani lissafi a kwamfuta, sai ya shigar da 0.506 maimakon 0.506127 don ya taƙaita. Da farko sakamakon ya bi sawun na baya, can gaba ya kauce gaba ɗaya. Dokokin lissafin suna nan yadda suke, ɗan bambancin farawar nan ne ya riƙa ninkuwa. Daga nan aka gane cewa hasashen yanayi dalla-dalla ba ya wuce kimanin mako biyu, kuma sanin wannan iyaka ya sauya aikin kansa. Tun 1992 cibiyar hasashen yanayi ta Turai, ECMWF, ta daina dogaro da lissafi ɗaya tak. A yau tana maimaita shi kusan sau 50, kowanne da ɗan bambanci a mafari. In sakamakon ya zo ɗaya, a yi magana da ƙarfin gwiwa. In ya watse, a gaya wa manomi da matuƙin jirgi cewa akwai shakka. Wannan ba amfani ba ne?

Ta biyu ta fi haɗari, don da ita ake musun ɗumamar duniya. Wai wanda ya kasa faɗin ruwan wata mai zuwa, ta yaya zai faɗi zafin shekara 50 nan gaba? Sun haɗa tambayoyi biyu daban. Mai girki ba ta san inda kumfa zai fara ɓullowa a tukunya ba, amma ta san in ta ƙara itace ruwa zai tafasa. Klaus Hasselmann na Jamus ya nuna yadda ake gano alƙiblar shekaru duk da rikicin yanayin yau da gobe, kuma yana cikin waɗanda suka sami kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2021.

Ta uku, wai ƙa'idar ba ta fita daga allon malamai ba. A nan suna da 'yar gaskiya: waɗanda suka yi alkawarin hango farashin hannun jari da ita ba su cika ba, kuma sun ɓata mata suna. Amma a 1990 masana kimiyya Ott da Grebogi da Yorke sun nuna cewa ɗan taɓi kaɗan a daidai lokaci na iya saita tsarin da ya hargitse. A 1991 kumbon Hiten na Japan, da man da ba zai ishe shi shiga kewayen duniyar wata ta hanyar da aka saba ba, ya ci moriyar wannan ɗan taɓin ya isa can ta yankin da jan duniya da na wata da na rana ke karo da juna.

In suna da hujja ta huɗu su kawo, amma su karanta maƙalar Lorenz ta 1963 tukuna.