ZAUREN LITTATTAFAI: Sabon Littafi Bai San Hanyar Laburare Ba

Duk wanda ya saba halartar bikin ƙaddamar da sabon littafi a manyan garuruwan ƙasar nan ya san yadda abin yake tafiya. Akan kama zauren wani otel ko babban ɗakin taro na wata makaranta, a buga katin gayyata mai ɗauke da sunan uban taro, da shugaban taro, da babban mai ƙaddamarwa da mataimakansa, sa'an nan can ƙasa a sa sunan malamin da zai yi sharhin littafin. In ranar ta zo sai a ba malamin nan 'yan mintoci ya faɗi abin da littafin ya ƙunsa, jama'a kuwa suna ta duban agogo, domin kowa ya san ba wannan ne ya tara su ba. Abin da ake jira shi ne sa'ad da babban mai ƙaddamarwa zai miƙe ya ambaci kuɗin da ya sayi kofe biyar ko goma, a yi tafi, maroƙa su ɗauka. Kafin la'asar an watse. Littattafan da manya suka saya sun shige bayan mota, saura kuwa an mai da su cikin kwali an kai ɗakin marubucin.

Ba a ga laifin marubuci ba a nan. Takarda ta yi tsada, mai maɗaba'a ba ya taɓa aiki sai an ba shi kafin alƙalami, kuma sau da yawa bashi aka ci aka yi bugun. Dole ne mutum ya nemi inda zai mai da uwar kuɗinsa, ko da yake ba duk alkawarin da aka yi a gaban lasifika ne ake cikawa ba. Amma akwai suna guda da da wuya a gan shi a katin gayyatar nan, watau sunan shugaban laburaren garin. Shi kuwa laburaren, in aka shiga aka tambayi ma'aikacin da ke bakin ƙofa waɗanne littattafan Hausa ne za su fito cikin watanni uku masu zuwa, ko ma waɗanne ne suka fito bara, da ƙyar a sami amsa. Gidaje biyu ne da aka gina domin mutum ɗaya, watau mai karatu, amma ba sa ga maciji da juna.

Ba haka aka faro ba. Sa'ad da Dokta Rupert East na Hukumar Talifi a Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, an riga an san inda littattafan za su tun ba a buga su ba, watau makarantu da ofisoshin En'e. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke sai Gwamnati ta sa aka buɗe ɗakunan karatu a garuruwa, aka damƙa su a hannun En'o'i. Gaskiya ne manufar Turawa ita ce a riƙa jin labarin yaƙi ta bakinsu, ba ta bakin abokan gaba ba, amma abin ya yi wani amfanin da ya wuce nufinsu. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a watan Janairu na 1939, tana cikin abubuwan da ake ajiyewa a ɗakunan, kuma al'ada ce a wancan zamani wanda ya iya boko ya ɗaga murya ya karanta wa waɗanda ba su iya ba. Da haka kofe ɗaya yakan isa kunnen mutum goma ko fiye. Ashe ke nan ɗakin karatu a ƙasar Hausa da taron jama'a aka san shi tun asali, ba da zaman shiru kaɗai ba.

A 1952 aka kafa Laburaren Jihar Arewa a Kaduna, kuma babban aikinsa shi ne tallafa wa ɗakunan nan na En'e. Akan cika akwatuna da littattafai a aika da su larduna, in an gama da su a komo da su a sake wasu. A cikin shekarun ne kuma aka tashi haiƙan da Yaƙi da Jahilci, aka kafa hukumar NORLA, wadda ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959, domin wanda ya koyi karatu da girma ya sami abin da zai karanta kada ya manta. Ita ce ta riƙa buga ƙananan jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, da Bazazzaga ta Zariya. Can Jihar Gabas kuwa an yi dokar kafa hukumar laburare tun 1955, aka buɗe babban laburaren Inugu a 1959 da taimakon Hukumar UNESCO, har da motar da ke kai littattafai unguwanni da ƙauyuka. A 1963 wani masanin harkar laburare daga Ostareliya, Mista F. A. Sharr, ya zagaya Arewa ya rubuta wa Gwamnati rahoto kan abin da ake bukata. Ba a kai ga cika shawarwarinsa ba aka raba Arewa jihohi shida a 1967, aka kasa kayan laburaren Kaduna, kowace jiha ta kama gabanta.

Inda hanya ta rabu sosai shi ne cikin shekarun 1980. A farkonsu kamfanin NNPC na Zariya ya fito da littattafan da suka ci gasarsa, cikinsu har da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid a 1980, sa'an nan a 1982 aka sami Turmin Danya, da Ƙarshen Alewa Ƙasa, da Tsumangiyar Kan Hanya, daga gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya. Waɗannan sun shiga makarantu, sun kuma shiga laburarori, domin ta ƙofar hukuma suka fito. Amma da tattalin arziki ya karye, darajar naira ta faɗi daga 1986, sai manyan kamfanonin ɗab'i suka ja jiki suka koma kan littattafan makaranta. Matasa maza da mata suka ƙi zama jiran tsammani, suka shiga buga nasu da kuɗin aljihunsu, musamman a Kano. Daga nan ne aka san Balaraba Ramat Yakubu, da Ado Ahmad Gidan Dabino, da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, da ɗaruruwan 'yan'uwansu.

Littattafan nan sun shiga lungun da babu wata hukuma da ta taɓa shiga. Sun kai ga matan aure a cikin ɗakunansu, da 'yan mata, da teloli, da direbobi a tasha, kuma mutane da yawa da su suka gyara karatunsu na boko. Amma masana suka yi musu laƙabi da Adabin Kasuwar Kano, aka daɗe ana gardama a jaridu ko sun cancanci a kira su adabi, laburarori kuwa galibi suka kau da kai. Aikin da ya kamata laburare ya yi sai masu shagunan hayar littattafai suka ɗauka: a ba da 'yan kuɗi kaɗan, a karɓi littafi, a karanta kwana biyu a komo da shi a karɓi na biyu. Mai shagon nan ya san marubuciyar da za ta fitar da sabon littafi makon gobe, ya san wanda aka ƙosa a ga ci gabansa. Abin da ba ya yi shi ne adanawa, kuma ba aikinsa ba ne. In littafi ya yage ya tafi wurin mai ƙosai.

Hukuma ta tuna da marubutan nan daga baya, amma ta wata fuskar. An kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, a 2007 kuma aka ƙona wasu littattafan a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Kowa da ra'ayinsa kan wannan. Sai dai abin lura shi ne, an iya gano inda marubuta suke sa'ad da ake son tace su, ba a iya gano su ba sa'ad da ya kamata a sayi kofe biyu-biyu a ajiye. Jerin sunayen littattafan wancan zamani da manazarta suke dogara da shi, wanda ya tattara na 1987 zuwa 2002, Farfesa Graham Furniss na Jami'ar Landan ne ya shirya shi tare da Malami Buba da William Burgess, kuma a ƙasar Jamus aka buga shi a 2004. Sun yi aikin a yaba musu. Amma abin kunya ne a ce ɗalibin da ke nazarin littafin da aka rubuta a Fagge, aka buga a Sabon Gari, sai ya waiwayi Ingila kafin ya tabbatar da shekarar fitowarsa.

Ga shi kuwa akwai doka. Dokar Laburaren Ƙasa mai lamba 29 ta 1970 ta wajabta wa duk wanda ya buga littafi a Nijeriya ya miƙa kofe uku ga Laburaren Ƙasa cikin wata guda da fitowarsa, a adana biyu, a aika da ɗaya laburaren Jami'ar Ibadan. Gwamnatin jiha kofe 10 ne a kanta, ta Tarayya kuwa 25. Laburaren Ƙasa ne kuma ke ba da lambar shaidar littafi ta duniya, wadda ake kira ISBN. Yawancin littattafan da ake magana a kansu sun fito ba su da lambar nan, wasu ma ko shekarar bugu babu a jikinsu. Marubutan da yawa ba su taɓa jin labarin dokar ba, kuma babu wanda ya bi su ya gaya musu.

Yanzu kuwa haɗarin ya fi na da. Kasuwar littattafan takarda ta ja baya ƙwarai, marubuta sun koma rubutu a wayar hannu, suna sakin labari shafi-shafi a zaurukan WhatsApp da manhajar Wattpad, mai son ci gaba ya tura kuɗi a sa shi a zauren masu biya. Littafin takarda ko ya yage akan tsinci ragowarsa a ƙasan adakar wata tsohuwa, amma wanda ke cikin waya in wayar ta faɗa ruwa shi ke nan. Manhajar OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da dama suka zuba ayyukansu a cikinta, ta rufe a watan Nuwamba na 2023. Wanda bai ajiye kofen nasa a wani wuri ba sai dai haƙuri.

To, me laburaren gari zai iya yi, alhali kowa ya san kuɗin da ake ware masa bai taka kara ya karya ba? Abu na farko ba ya cin ko kwabo. Babban littafin rajista ne guda a ajiye a bakin ƙofa, da allo a jikin bango, duk marubucin da ke da littafi a maɗaba'a ko a waya ya zo ya rubuta sunansa, da sunan littafin, da watan da ake sa ran fitowarsa. Ƙarshen kowane wata a kwafe a aika wa gidan rediyon jiha, a aika wa sauran laburarori. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1981, tana da rassa a jihohi, ga kuma ƙungiyoyin marubutan Hausa birjik; su ne za su kai wa 'ya'yansu labari. Cikin shekara guda jiha za ta mallaki abin da ba ta taɓa mallaka ba, watau lissafin abin da mutanenta suke rubutawa.

Na biyu shi ne a buɗe wa marubuci zauren laburare kyauta, bisa sharaɗin ya bar kofe biyu a kan kanta. Ba a ce ya fasa bikinsa na otel ba. Ya yi can ya sami abin biyan bashi. Amma mako guda bayan haka ya zo laburare da yamma, babu uban taro babu maroƙi, ya karanta babi ɗaya da bakinsa, a yi masa tambayoyi, mai 'yan kuɗi ya sayi kofe a farashinsa na kasuwa. A keɓe wa mata ranarsu da lokacin da ya dace da su, tun da su ne suka fi yawa cikin masu rubuta ƙagaggun labaran Hausa da masu karanta su, kamar yadda gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC ta nuna tun da aka fara ta a 2016. A gayyaci 'yan ajin yaƙi da jahilci su zauna a sahun gaba. Ranakun da za a rataya irin wannan taro a kansu ma suna nan a kalanda: 23 ga Afrilu ranar littafi ta duniya, 26 ga Agusta ranar Hausa, 8 ga Satumba ranar yaƙi da jahilci. Bukukuwan littattafai da aka soma a Kaduna, na KABAFEST a 2017 da na HIBAF a 2021, sun tabbatar da cewa mutane suna fitowa domin sauraron marubuci. Sai dai biki na 'yan kwanaki ne a babban birni, laburare kuwa yana nan kullum, kuma akwai reshensa a garuruwan da baƙin biki ba za su taɓa zuwa ba.

Akwai wasu masu karatun da aka fi mantawa da su, watau Hausawan da ke zaune a Agege da Idi-Araba a Legas, da Sabo ta Ibadan, da Shagamu, da Fatakwal. Can da fatake ne suke haɗo musu littattafai cikin kaya. 'Ya'yansu da aka haifa a can suna jin Hausa, amma da yawansu ba su taɓa riƙe littafin Hausa ba. Laburarorin waɗannan jihohi ba za su sayi abin da ba su san da shi ba, kuma babu mai sanar da su. Jerin nan na wata-wata, in ya isa hannun Sarkin Hausawa da shugaban laburaren unguwar, ya isa ya sa a ware kanta guda.

Shi kuwa marubucin da littafinsa ke maɗaba'a a yanzu, ba sai ya je Abuja ba kafin ya sauke nauyin da doka ta ɗora masa. Laburaren Ƙasa yana da rassa a jihohi da dama, har da Kano da Kaduna. Sai ya ware kofe ukun nan tun ranar da aka kawo masa kwalayen, kafin a kai sauran zauren biki, ya kuma karɓi takardar shaidar cewa ya miƙa.