Gunaguni ba ya cika rumbu

Yau da kanmu za mu yi magana, mu Kiristocin ƙasar nan, sai a yi haƙuri in ta yi ɗaci.

Ranar Lahadi mukan shiga majami'a mu yi waƙar godiya har murya ta dishe. Ana tashi daga sujada, kafin mu kai inuwar dogon yaro, labari ya sake: wa'azin fasto ya yi tsawo, baiko ba a san inda yake zuwa ba, kuran ya ɗauke, tiyar hatsi ta yi tsada. Bakin da ya yi godiya da safe shi ne ke gunaguni da hantsi. Yaranmu kuma suna tsaye suna ji. Gobe in sun girma suka daina zuwa majami'a, wa za mu zarga? Mu muka koya musu cewa babu abin kirki a ciki.

Wani zai ce, to ƙarya muke yi? A'a. Tsada gaskiya ce, tun takunkumin CEDEAO na 2023 kowa ya ji a aljihunsa. Ba mu kuma manta da Janairun 2015 ba, lokacin da aka ƙone majami'u a Zinder da Yamai. Amma Isra'ilawa ma ba ƙarya suka yi ba, jeji akwai wuya. Allah ya fitar da su daga bauta, yana ba su manna kowace safiya, sai ga su a Littafin Ƙidaya sura 11 suna kukan kifi da albasa da tafarnuwar Masar. Albasa fa! Sun tuna da miya, sun manta da bulala. A sura 14 gunaguni ya jawo musu shekara 40 cikin jeji, kuma cikin manyan da aka ƙidaya, Joshuwa da Kalibu kaɗai aka yi wa alkawarin shiga ƙasar.

Kada wani shugaba ya ɗauki maganar nan ya rufe bakin mutane da ita. Kai kuka daban, gunaguni daban. A Ayyukan Manzanni sura 6, ana tsallake waɗansu gwauraye wajen rabon abinci. Maganar ta kai ga manzanni, ba su ce a yi shiru ba, aka zaɓi mutum 7 aka gyara. Dauda ma ya yi kuka cikin Zabura, amma ga Allah ya kai shi. Mai kai kuka yana zuwa wurin wanda zai iya gyarawa. Mai gunaguni bayan ido yake yi, a fada wajen shayi ko a WhatsApp, kuma ko an gyara zai nemo wani abin.

Ga misali a ƙofar gidanmu. A 1983, a yankin Maradi, Tony Rinaudo na mishan SIM ya gaji, don itatuwan da ake dasawa yawancinsu mutuwa suke. Ya yi addu'a, ya duba ƙasa, sai ya lura ƴan tsiron da ake sarewa a gonaki kututture ne masu saiwa da rai. Manoma, yawancinsu Musulmi maƙwabtanmu, suka kama sassaben zamani, suna barin reshe mai ƙarfi ya tashi. Yau ana lissafin wajen hekta miliyan 5 da suka farfaɗo. Saiwar tana nan tun da can, muna takawa muna kukan hamada.

Saboda haka mu gwada sati guda. In kana da magana da fasto, je ka same shi. In lissafin baiko ne, tashi a taron ikilisiya ka tambaya. In tsada ce, duba gwauruwar da ke unguwarku, ko tiya ɗaya ce kai mata. In abin ya fi ƙarfinka, durƙusa. Bulus da Sila an yi musu dūka an kulle su a kurkukun Filibi, da tsakar dare waƙa suke, sauran fursunoni suna saurare. Mu ma ana saurarenmu, a kasuwa da lakwal da cikin gida. Me suke ji daga bakinmu?

Allah shi ba mu bakin godiya. Amin.