RA'AYINMU: A Kashe Babur, a Sauka, Sannan a Zuba Mai

Duk wanda ya bi ta Gyallesu da sassafe, lokacin da ɗalibai da malamai ke hanzarin isa makaranta, ma'aikata kuma na neman abin hawa zuwa Kongo ko Sabon Gari, zai ga wani abu da ido ya riga ya saba da shi har ya daina ba kowa tsoro. Mai babur zai tsaya a gaban ɗan bumburutu, injin na aiki, salansa ta ɗauki zafi, ya buɗe murfin tanki a tsakanin cinyoyinsa, yaro ya kafa mazurari ya tuttula masa kwalba ɗaya ko biyu. A bayansa kuwa ga mace zaune da goyo, wani lokaci har da ƙaramin yaro a gaba, hannuwansa a kan tankin. Ba wanda ya sauka, ba wanda ya ce a kashe injin. In aka gama sai a goge abin da ya zuba da tafin hannu a wuce.

Mun ɗauko wannan magana a yau domin kuwa da yawa daga cikin masu yin haka 'yan'uwanmu ne, kuma ran Lahadi da safe ma haka suke yi a kan hanyar zuwa sujada, da mata da 'ya'ya a kan babur ɗaya. Babur shi ne motar talaka. Da shi mai bishara ke kai wa ƙauye ziyara, da shi ake kai mara lafiya asibitin Wusasa ko na Shika, da shi matasanmu da yawa ke ciyar da iyali. Abin da ya shiga rayuwarmu har haka, ya kamata mu san yadda aka ƙera shi da kuma inda haɗarinsa yake.

Abu na farko da ya kamata kowa ya gane shi ne, ba ruwan fetur ne ke kamawa da wuta ba, tururinsa ne. Fetur yana fitar da tururi mai kamawa ko da a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, balle a zafin Zariya na watan Maris da Afrilu. Wannan tururi ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, saboda haka ba ya tashi sama ya watse kamar hayaƙi. Ƙasa yake bi, ya kwanta a kwata ko a rami, ya lallaɓa har ya tarar da murhun mai ƙosai a nesa, sannan wutar ta biyo sawunsa ta dawo kan tanki. Tururin da bai kai kashi 2 cikin 100 na iskar wuri ba ya isa ya kama. Shi ya sa mutum zai rantse cewa babu wuta kusa da shi, amma ga shi ya ƙone.

Waɗanda suka ƙera babur sun san da wannan, kuma sun yi tanadi. Dattawanmu za su tuna da Vespa, wadda kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ya fara fitarwa a shekarar 1946, ta kuma zama abin hawan malaman makaranta da akawuna a Arewa a shekarun 1970 da 1980. Tankinta a ƙarƙashin kujera yake. Haka ma Honda Super Cub ta ƙasar Japan da ta fito a 1958, wadda ƙirarta ce uwar baburan da muke kira roba-roba a yau. Ko da masu ƙirar sun yi haka ne don neman wuri, tsarin ya zo da wata rahama: ba yadda za a yi ka sha mai sai ka sauka ka ɗaga kujera, mai ɗauke da kai ma dole ya sauka. To amma baburan da suka fi yawa a titunanmu yanzu, irin su Bajaj Boxer da Jincheng, tankinsu a gaba yake, daidai saman injin. Mutum na iya shan mai yana zaune daram, kuma duk abin da ya zuba kai tsaye zai gangara kan injin mai zafi, kusa da wayar fulogi, ya jiƙa wandon direba. Abin da ƙira ta tilasta wa mai Vespa, mai Boxer sai dai hankalinsa ya tilasta masa.

Akwai wasu ƙananan abubuwa uku a jikin tanki da muke rainawa, alhali kowannensu yana tsaron rai. Na ɗaya, wuyan tanki. An sa shi ya ɗan nutsa ciki ne domin a bar wa iska wuri a sama, saboda fetur yana kumbura idan ya ji zafi, kusan kashi 1 cikin 100 a kowane ƙarin digiri 10. Man da ya fito da sanyinsa daga rijiyar gidan mai, aka cika tanki mai lita 10 da shi har baki, aka ajiye babur a rana, zai iya ƙaruwa da kusan rabin kofin shayi, kuma ba shi da wurin zuwa sai waje. Don haka al'adar nan ta jijjiga babur domin tanki ya ƙara ɗaukar mai, ba wayo ba ce. Na biyu, murfi. Yana da roba da ke hana yoyo, yana kuma da 'yar ƙaramar kafa da iska ke shiga domin mai ya sauka zuwa injin. Idan murfi ya ɓace, mutum ya toshe bakin da tsumma ko leda, ya mayar da tankinsa fitilar aci-bal-bal, tsumman ya zama lagwani. Na uku, tiyon da ke kai mai zuwa injin da ɗan makullin da ke jikinsa. Tiyo yana tsufa ya tsage. Kuɗin sabo bai kai na kwanon abinci ba, amma sai ka ga an ɗaure tsohon da zare ana ta lallaɓawa, yana ɗiga. Makullin kuwa an yi shi ne don a rufe idan an ajiye babur, musamman da yake yawancinmu a zaure ko a cikin ɗaki muke kwana da shi don gudun ɓarayi.

Bugu da ƙari, muna jan kunnen masu kai tanki wurin mai walda. Tankin da aka juye mansa ya fi cikakke haɗari, domin cike yake da tururi gauraye da iska, abin da ke fashewa ke nan. Sai an wanke shi sosai an kori tururin kafin wuta ta kusance shi. In kuwa tsatsa ta cinye shi, a haƙura a sayi wani. Haka nan zuƙo mai da baki ta tiyo: ɗan kaɗan in ya sarƙe ya shiga huhu yana iya kwantar da ƙato. Wanda ya haɗiyi fetur, yaro ne ko babba, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. A kai shi asibiti.

Mun san abin da ya kai jama'a ga kwalba da jarka. Waɗanda suka ga wahalar mai ta 1994, lokacin yajin aikin ma'aikatan man fetur, sun san yadda bumburutu ya kafu a bakin titunanmu. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 a shekarar 2024, mai babur ya koma sayen na abin da ke aljihunsa, sau uku ko huɗu a yini. Kowane tsayawa kuwa wata dama ce ta haɗari. Tsadar ce kuma ta sa ake ɓoye jarka a ƙarƙashin gado, a ɗakin da ake kunna risho da maganin sauro. Ba mu manta da Jesse ta Jihar Delta ba, inda bututun mai ya kama da wuta a watan Oktoban 1998 ya hallaka ɗaruruwan masu kwasa. Ba mu manta da Majiya ta Jihar Jigawa ba, inda fiye da mutum 150 suka mutu a watan Oktoban 2024 a kewayen tankar da ta faɗi, ko mahaɗar Dikko ta Jihar Neja a watan Janairun 2025. Waɗannan su ne suka shiga jarida. Wanda ya ƙone cinya da ciki a kan babur ɗinsa ba ya shiga labarai, amma iyalinsa sun san yawan watannin da aka yi ana jinya, da abin da aka sayar aka biya.

Wani ɗan'uwa zai ce, ai Ubangiji ne mai tsaro, shekara goma yana shan mai a haka ba abin da ya same shi. Gaskiya ne Ubangiji ne mai tsaro, muna kuma gode masa saboda shekaru goman nan. Amma mu tuna cewa lokacin da Shaiɗan ya kai Yesu kan ƙololuwar Haikali ya nemi ya diro don mala'iku su tare shi, Ubangijinmu ya ƙi, domin yin haka gwada Allah ne. Mu kuma duba Maimaitawar Shari'a sura 22, inda aka umarci mai gina sabon gida ya yi wa rufin soronsa rawani, don kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau kan gidan. Ashe tun zamanin Musa, tanadin kariya a jikin abin da mutum ya gina ko ya mallaka yana cikin ibada. Murfin tanki da tiyo mai kyau su ne rawanin babur. Wadda ka goya a baya ta ba ka amanar ranta da na jaririnta, ba ta kuma san halin da tiyonka ke ciki ba.

Saboda haka muna kira ga kowane mai babur a cikinmu da ya riƙe waɗannan: ya kashe injin tun kafin a buɗe murfi, kowa ya sauka, yara su matsa gefe, a kafe babur a kan ƙafarsa, a tsaya da zuba mai da zarar ya taɓo gindin wuyan tanki, in ya zuba a jiki, a goge a jira ya bushe kafin a tayar. A lokacin hunturu a ƙara kula, domin busasshiyar iska tana sa tufafi da jarkar roba su tara lantarkin nan da ke ba mutum ɗan tartsatsi in ya taɓa ƙarfe, tartsatsin kuwa ya isa ya kunna tururi. Jarka a ajiye ta a ƙasa kafin a cika ta, ba a kan kujerar babur ba. In wuta ta kama, kada a watsa ruwa, gama fetur yana hawa kan ruwa ya bi shi ya bazu. Yashi ake zubawa, ko a yi amfani da tukunyar kashe gobara. Wanda tufafinsa suka kama kada ya ruga da gudu, ya kwanta ya yi birgima. Ƙuna kuwa a yi ta kwarara mata ruwa mai tsabta na kimanin minti 20, ba ƙwai, ba man goge baki, ba baƙin mai, sannan a garzaya asibiti.

Ga fastoci da dattawan ikilisiya, muna roƙo a ba wannan magana minti biyar a lokacin sanarwa. A duba inda ake ajiye man janareta na majami'a, domin a wurare da dama yana bayan bagadi ko a ɗakin da 'yan Makarantar Lahadi ke zama, ana kuma ƙara wa janareta mai yana cikin aiki don kada wa'azi ya katse. Gara wa'azi ya tsaya na minti goma. A ajiye bokitin yashi a inda ake jera babura. Zumuntar Mata tana da babban aiki a nan, domin in mata suka ɗaure cewa ba za a zuba mai suna zaune a kan babur ba, 'yan acaɓa za su saba cikin wata guda. Ƙungiyar matasa kuma ta gayyato bakanike daga cikin 'yan'uwa, a ware Asabar ɗaya a duba murfi da tiyon kowane babur kyauta, har da na maƙwabta.

Ba mu ce a far wa 'yan bumburutu ba. Yawancinsu yara ne masu neman abin sawa a baka, su ne kuma wuta ke fara ci. Amma ya kamata masu unguwa da shugabannin 'yan acaɓa su zauna da su, a nisanta teburinsu daga masu suya da masu shayi, kowane tebur ya kasance da yashi. Hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta ɗora wa alhakin sa ido kan gidajen mai, ta tabbatar ma'aikatan famfo ba sa zuba wa babur mai alhali injin na aiki ko mutum na kai. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, ta sa duba tanki cikin wayar da kan da take yi wa masu babura, kamar yadda take yi game da hular kwano.

A unguwa irin Gyallesu, inda gidaje ke manne da juna, lunguna kuma ba kowanne motar 'yan kwana-kwana ke iya shiga ba, gobarar da ta tashi a zauren Kirista ba za ta tsaya a katangarsa ba, haka ma wadda ta tashi a gidan maƙwabcinsa Musulmi. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mun ga na Majiya, mun ga na Dikko. Muna fata ran Lahadi mai zuwa, in an tsaya shan mai a hanyar majami'a, maigida zai kashe injin, uwargida ta sauko da yara, ko da hakan zai sa a rasa waƙar farko.

Ubangiji ya kiyaye fitarmu da shigarmu. Amin.