Damfarar Banki Ta Waya Ta Iso Kasuwannin Mafara, Bakura Da Maradun

Ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin Naira a farkon shekarar 2023 ya tilasta wa 'yan kasuwa da manoman shinkafa na yankin madatsar ruwa ta Bakolori, wato Talata Mafara da Bakura da Maradun, karɓar ciniki ta waya. Tsoron 'yan bindiga a kan hanya ya daɗa ƙarfafa al'adar, domin ba kowa ke son ɗaukar damin kuɗi zuwa kasuwar Talata ba. Wannan sauyi ya sauƙaƙa ciniki, amma kuma ya buɗe wa macuta ƙofa.

Dabarar da ta fi cutar mai sayarwa ita ce saƙon shigar kuɗi na bogi, wanda jama'a ke kira alat. Mai saye zai nuna shaidar biya a wayarsa, ko kuma ya sa saƙo mai kama da na banki ya faɗo wa mai kaya, alhali ko kwabo bai shiga ba. Abin da ke taimakon macuci shi ne jama'ar yankin sun saba da jinkirin sadarwa. Ai har rufe layukan waya aka yi a Jihar Zamfara a watan Satumba na 2021. Saboda haka idan aka ce wa mai kaya "kuɗin na hanya", sai ya ga ba abin mamaki ba ne, kunya kuma ta hana shi tsare baƙo, ya ɗora buhuna a mota. Saƙon waya kowa na iya ƙirƙira shi. Shaidar da za a dogara da ita ita ce mai kaya ya duba asusunsa da kansa ya ga kuɗin sun ƙaru kafin kaya su bar rumfa.

Ma'aikatan gwamnati kuwa, kiran waya ake yi musu, galibi gab da biyan albashi. Mai kiran zai ce daga banki yake, za a rufe asusu in ba a gyara lambar BVN ba. Ƙaryar tana shiga ne don ta jingina da gaskiya: Babban Bankin Nijeriya ya fito da BVN a 2014, kuma a Disamba 2023 ya umarci a haɗa asusu da BVN ko lambar ɗan ƙasa. Sai dai banki ba ya tambayar lambar sirrin kati, ko lambar nan ta amfani sau ɗaya da yake aikowa. Wanda ya karanta wa wani ita, ya sa hannu ne a kan cire kuɗinsa.

Ɗalibai irin na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau sun fi fuskantar romon bakan ninka jari. MMM ta rufe asusun jama'a a Disamba 2016, CBEX kuma ta durƙushe a Afrilu 2025, jim kaɗan bayan sa hannu a sabuwar dokar zuba jari da ta haramta irin wannan sana'a.

Inda gyara ya fi wuya shi ne wajen masu POS, waɗanda a ƙauyuka da yawa su ne bankin. Mutumin da bai iya karatu ba yakan miƙa kati, ya kuma faɗi lambar sirri da baki a gaban jama'a. Haka nan wanda wayarsa ta ɓace, wajibi ne ya sa a rufe layin da asusun nan take, domin da layin kaɗai ɓarawo na iya kwashe kuɗi. Ƙara tana farawa ne daga bankin mutum. In ba a biya masa bukata ba, sai Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na Babban Banki, ko Hukumar EFCC.