KAFIN MU SAYAR DA FIJON BABA A KAN SIKELI

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri da ni.

Waɗanda muke haɗuwa a Gadau sun san motar da nake zuwa lacca da ita tun farkon zangon nan: Fijo 504 fara, ƙirar 1984, wadda ta girme ni da shekara goma sha wani abu. Ranar da na fara shigowa da ita wani abokina ya ce, "Malam, ashe digiri na biyun a fannin Tarihi kake yi?" Wani kuma ya ba ni shawarar in riƙa ajiye ta a gangare saboda turi. Na yi dariya tare da su, don ni ma da wani na gani a cikinta shekara uku baya, abin da zan faɗa ke nan. Amma yau ina so in faɗi dalilina.

Motar mahaifinmu ce, Allah Ya jiƙansa. Shekara tara tana zaune bisa bulo a ƙofar gidanmu a Azare, awaki na kwana a ƙarƙashinta, kaji na ƙwai a kujerar baya. Da aka zo rabon gado sai 'yan gwangwan suka zo suka zagaya ta, suka yi mata kuɗi irin na ƙarfe, kilo kaza naira kaza. Wallahi abin da suka taya bai kai kuɗin wayar da wasunku ke karanta rubutun nan da ita ba. Yayyena suka ce a sallama, kuma ban ga laifinsu ba, akwai ƙannenmu ƙanana, kowa da buƙatarsa. Ni dai na roƙa a sa ta cikin kasona. Hajiya ba ta ce komai ba a wurin, sai da dare ta kira ni ta ce, "A cikin motar nan aka kai ni asibiti haihuwarka."

Da yawanmu ba mu san mece ce 504 a ƙasar nan ba. A Faransa aka fito da ita a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, kuma a 1975 ta lashe gasar tseren Safari ta Kenya, wadda ake yi cikin laka da duwatsu. A wannan shekara ta 1975 ne kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kakuri, Kaduna, kuma an ci gaba da haɗa 504 a can har shekaru bayan Turawa sun daina yin ta. Zamanin mulkin soja na Obasanjo ita ce motar manyan jami'an gwamnati. Wagon ɗinta ita ce ta riƙe hanyar Kano zuwa Maiduguri, wadda ta ratsa ta garinmu, akori-kurarta kuma ta yi jigilar gero da gyaɗa da shanu a kasuwannin ƙasar Katagum. A Bauchi ma a da muna da kamfanin Steyr mai haɗa manyan motoci da taraktoci. Wato akwai lokacin da ɗan Arewa ke tashi da safe ya tafi aikin haɗa mota. Yau mu jikokinsa jiran 'yar Kwatano muke yi, wadda wani ya gama cin moriyarta a Turai.

Na ja motar zuwa wani gareji da ke bakin hanyar Misau, wajen wani dattijo da ya haura shekara saba'in, kowa Baba yake ce masa. Ya buɗe bonet, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, gyara maka kake so in yi, ko koya maka kake so in yi? Kuɗin ba ɗaya ba ne." Na ce wanne ya fi arha? Ya ce koyo, amma sai na zo da tsofaffin kaya. Haka na yi wata goma sha ɗaya, duk Asabar da Lahadi ina ƙarƙashin mota.

Injin ya ƙame saboda dogon zama. Baba bai bari mun taɓa makulli ba. Muka cire fulogi huɗun, muka tsiyaya baƙin mai ta ramukan, muka bar shi kwanaki yana jiƙa, sannan muka riƙa juya shi da hannu kaɗan-kaɗan har ya saki. Muka sauke tanki muka wanke tsatsa, muka wargaza kafireta gaba ɗaya a cikin tire, muka fasa lagireto aka share masa hanyoyin ruwa. Robobin birki duk sun bushe, wayoyi kuma ɓeraye sun gama da su. Wasu kayan a Azare muka samu, wasu sai da na je Ƙofar Ruwa a Kano, fitilar baya ɗaya kuwa a Panteka ta Kaduna wani abokina ya tono mini ita.

A nan na ga ilimi. Baba yana ɗora sukundireba a jikin inji, ya kara kunnensa a mariƙin, ya gaya maka inda ƙarar take fitowa. Ya koya mini karanta fulogi: in ya yi baƙin hayaƙi, mai ya fi iska yawa, in ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan kuma injin na zafi, in ya yi ruwan ƙasa, to an daidaita. Duk wannan yana cikin littattafan injiniya da Turanci mai wuya, shi kuma bai taɓa shiga aji ba. Na tambaye shi yaransa fa? Ya ce duk sun koma acaɓa da Keke Napep, babu mai haƙurin shekara biyar yana wanke noti.

To abin da ya tsaya mini a rai ke nan. Ranar da Baba ya kwanta dama, ilimin shekara hamsin zai bi shi kabari, ba a rubuce ba, ba a naɗe ba. Mu kuma muna nan muna rubuta kundi a kan bunƙasa masana'antu a Arewa, alhali da yawanmu in taya ta yi faci sai mun kira wani. Tsohuwar mota makaranta ce da ba ta ɓoye komai: ka buɗe bonet ka ga yadda mai da iska da wuta suke haɗuwa da idonka. Motar zamani kuwa an rufe komai da roba, in ta yi tari sau da yawa sai an nemo mai kwamfuta ya jona mata.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Na farko kuɗi. Ɗalibin da ke lissafin kuɗin rajista da na haya ba shi da rarar da zai zuba a ƙarfe. Ni ma da ɗan albashin koyarwa na yi, kaɗan-kaɗan, kuma wayata tun ta digirin farko ce. Na biyu mai. Mota mai kafireta ta fi Corolla shan mai, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda lita ta koma. Shi ya sa sau biyu kawai nake fito da ita a mako, sauran ranakun motar haya nake bi kamar kowa. Na uku tsaro. Ba ta da jakar iskar da ke kare direba in an yi karo. Don haka ba na gudu da ita, ba na tafiyar dare. Duk wanda ya ce maka tsohuwar mota ta fi sabuwa a komai, son zuciya ne kawai.

Akwai kuma masu cewa in ka canza ko noti ɗaya ka ɓata asali. Ban yarda ba. Na sa mata sabon bel a kujeru, na sake wayoyi gaba ɗaya, na ƙara fanka mai aiki da batir saboda zafin watan Afrilu, kuma ina tunanin mayar da ita mai amfani da iskar gas in hali ya yi. Fenti da sitiyari da kujeru kuwa na bar su yadda mahaifina ya san su. Ƙa'idata ita ce, abin da zai kare rai a sabunta shi, abin da ke riƙe da kamanni a ƙyale shi. Ku dubi Kuba: tun da Amurka ta ƙaƙaba musu takunkumi a farkon shekarun 1960 suke lallaɓa Chevrolet da Ford na shekarun 1950, da yawa da injin dizal na wata mota daban a ciki, kuma yau baƙi na biyan kuɗi don a zaga da su birnin Habana a cikinsu. Su sun mayar da tsofaffin motocinsu abin neman abinci, mu namu muna auna su a sikeli a narkar.

Ba cewa nake kowa ya je ya nemo 504 ba. Abin da nake roƙo kaɗan ne. In akwai tsohuwar mota, ko Vespa, ko keken Raleigh, ko keken ɗinki a gidanku, kafin a kira 'yan gwangwan a kira makaniki ya duba. 'Yan injiniya masu neman wurin SIWES, garejin dattijo ma wuri ne, ba sai ofis mai sanyi ba. 'Yan Tarihi da Hausa da Aikin Jarida masu neman batun bincike, ku ɗauki waya ku je ku naɗi maganar tsofaffin makanikai da direbobin tasha, da sunayen da suka raɗa wa kowane ƙarfe da Hausa, tun suna raye. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ranar da injin ya tashi, Baba bai yi murmushi ba ma, cewa kawai ya yi, "Silo ya yi sama, rage shi." Juma'ar da ta biyo baya na ɗauki Hajiya zuwa Jama'are gaida 'yar uwarta. Ta zauna a gaba, ta shafa murfin akwatin da mahaifinmu ke ajiye carbinsa, ba ta yi magana ba har muka haye gada.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya sa wa karatunmu albarka. Wanda ke son ganin cikin bonet, ina garejin Baba ranar Asabar da hantsi. A zo da tsofaffin kaya.