NAZARI: Yoyon tankin sigarin lantarki da ɓarakar da ke cikin dokar taba ta Najeriya

Ƙorafin da ya fi yawa a bakin sababbin masu zuƙar sigarin lantarki shi ne na yoyo. Matashi zai sayi na'ura mai kama da biro, ya jefa ta aljihu da safe, kafin la'asar ruwa mai yauƙi da ƙamshin mangwaro ya ɓata masa riga. Wani kuma da ya zuƙa sai ya ji ƙarar ɓulɓul, ruwan ya tsarto masa a harshe. Amsar da aka saba bayarwa ita ce mai na'urar ne bai iya riƙo ba, kuma sau da yawa akwai gaskiya a ciki. Sai dai ruwan da ke zubar nikotin ne narkakke, wanda kaɗan daga cikinsa ya isa ya kwantar da ƙaramin yaro a asibiti. A ƙasashen Tarayyar Turai, hana wannan yoyo sharaɗi ne na doka da ke wuyan kamfani. A Najeriya kuwa dokar taba ba ta ma ambaci na'urar da sunanta ba.

Yadda yoyon ke faruwa

Wani masanin harhaɗa magunguna ɗan ƙasar Sin mai suna Hon Lik ne ya ƙirƙiro sigarin lantarki na zamani a 2003, kuma har yau akasarin na'urorin daga masana'antun birnin Shenzhen suke fitowa. Ginin na'urar ba shi da wuyar fahimta. Akwai batir, akwai tanki mai ɗauke da ruwa, akwai siririyar waya a naɗe da ake kira koyil, sannan akwai auduga da ke aikin lagwani, tana tsotso ruwan zuwa ga wayar. In wayar ta yi zafi sai ruwan ya zama tururi, shi ne ake zuƙa.

Abin da ke riƙe ruwan cikin tanki abu uku ne: ƙananan zobban roba da ke toshe mahaɗai, audugar da ke tare ƙofar koyil, da ƙarancin matsin iska a saman ruwan. Da zarar ɗaya ya sami matsala sai ruwa ya nemi hanya. Idan ya fita ta ramukan shigar iska, shi ne yoyo. Idan kuma ya cika ɗakin koyil fiye da abin da wayar za ta iya ƙonawa, na'urar ta shaƙe ke nan, kamar yadda kafiretar babur ke yi idan mai ya yi mata yawa.

Sanadin kuwa sanannu ne. Akwai cika tanki maƙil ba a bar wa iska wuri ba, da zuba ruwan cikin bututun tsakiya bisa kuskure, da ɗaure murfi a karkace, da zoben roba da ya tsage, da koyil da ya tsufa audugarsa ta saki. Akwai zuƙa da ƙarfi irin ta mai shan taba sigari, wadda ke janyo ruwa fiye da kima. Akwai kuma rashin dacewar ruwa da na'ura: ruwan da sinadarin furofilin gilaikol ya yi masa yawa tsararo ne, yana wucewa ta audugar da aka yi don ruwa mai kaurin gilisarin. Gyaran da aka sani shi ne a kwance na'urar, a goge ta, a busa ruwan da ya taru cikin tsumma, a canza koyil ko zoben roba, a riƙa ajiye ta a tsaye.

Sanadi ɗaya ne babu dabarar da ke kawar da shi a ƙasar Hausa, wato zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Kano kan kai digiri 40, wani lokaci ya haura. Zafi na tsinka ruwan, yana kuma kumbura iskar da ke cikin tanki ta turo shi waje. Na'urar da ta wuni a aljihun ɗan acaɓa, ko cikin mota a rufe, ko a shago mai rufin kwano, tana cikin yanayin da ya fi ƙarfin zoben robarta. Na'urorin da ake yarwa bayan sun ƙare kuwa ba a ma buɗe su, balle a gyara.

Abin da ke cikin ruwan

Mai shan taba sigari jikinsa kan karɓi kimanin miligiram 1 zuwa 2 na nikotin daga kara ɗaya. Ruwan sigarin lantarki da aka rubuta wa kashi 5 cikin 100 yana ɗauke da miligiram 50 a kowace mililita. Ke nan kwalba mai mililita 30 ta irin wannan ruwa na ɗauke da miligiram 1,500. Nikotin na shiga jiki ta baki, yana kuma ratsa fata, abin da ya sa masu tsinkar ɗanyen ganyen taba ke fama da jiri da amai idan suka yi aiki da jiƙaƙƙen ganye.

Amurka ta riga ta ga inda wannan ke kaiwa. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ba da rahoton cewa kiran da ake yi wa cibiyoyin kula da masu shan guba a kan sigarin lantarki ya tashi daga 1 a wata a Satumban 2010 zuwa 215 a wata a Fabrairun 2014, kuma fiye da rabi sun shafi yara 'yan shekara 5 zuwa ƙasa. A Disamban 2014 wani yaro ɗan shekara ɗaya ya rasu a Jihar New York bayan ya sha ruwan nikotin. A farkon 2016 ƙasar ta yi dokar da ta wajabta murfin da yaro ba zai iya buɗewa ba. Duk da haka, tsakanin Afrilun 2022 da Maris 2023 an sami rahoton mutum 7,043 da ruwan ko na'urar ta shafa, kusan kashi 88 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Waɗannan alƙaluma sun samu ne saboda akwai lambar da uwa za ta kira, akwai kuma mai rubutawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa da rabin ƙasashen da ke cikinta ne ke da irin wannan cibiya, kuma Afirka na cikin yankunan da giɓin ya fi yawa.

Turai ta mai da shi doka

Sashe na 20 na dokar kayan taba ta Tarayyar Turai ta 2014, wadda ta fara aiki a Mayun 2016, ya kafa sharuɗɗa a fili. Tanki kada ya wuce mililita 2. Kwalbar ƙari kada ta wuce mililita 10. Ƙarfin nikotin kada ya haura miligiram 20 a mililita. Dole na'ura da kwalba su kasance yaro ba zai iya buɗe su ba, ba sa fashewa da sauƙi, ba sa yoyo, kuma ana iya cika su ba tare da ruwa ya zuba ba. A can, tankin da ke yoyo saboda ƙirarsa kayan da ya saɓa doka ne, ana iya janye shi daga kasuwa.

Wasu ƙasashen sun zaɓi rufe ƙofa gaba ɗaya. Indiya ta haramta sigarin lantarki a 2019. Uganda ta haramta shi a dokarta ta 2015, Habasha ta bi sahu a 2019. Birtaniya, wadda ta fi kowa rungumar na'urar a matsayin hanyar raba manya da taba sigari, ita ma ta haramta na'urorin da ake yarwa daga 1 ga Yuni, 2025. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasashe 34 sun haramta sayar da shi, 88 ba su da ƙa'idar shekarun mai saye, 74 kuma ba su da wata doka a kansa.

Inda Najeriya ta tsaya

Najeriya ta amince da yarjejeniyar duniya ta taƙaita shan taba a 2005. Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar taba ta ƙasa a Mayun 2015, aka kuma amince da ƙa'idojin aiwatar da ita a 2019. Dokar ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da sigari kara-kara, ta taƙaita talla da shan taba a bainar jama'a. Amma an rubuta ta ne da ganyen taba a zuciya. Ba ta faɗi girman tanki ba, ba ta faɗi ƙarfin nikotin a ruwa ba, ba ta yi maganar murfi ko yoyo ba. Ƙungiyoyi irin su CAPPA sun daɗe suna kiran a toshe wannan giɓi.

Hukumomin da za su yi aikin suna nan. Akwai SON mai kula da ingancin kaya, akwai NAFDAC mai kula da magunguna da sinadarai, akwai Kwastam a bakin iyaka, akwai FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, wadda a Disamban 2023 ta sanar da tarar dala miliyan 110 a kan kamfanin British American Tobacco da rassansa. Wannan tara ta nuna hukuma na iya cizo idan doka ta ba ta haƙori. Kayan da doka ba ta raɗa wa suna ba kuwa kan zama jifan gafiyar Ɓaidu: kowace hukuma na ganin aikin wata ne.

Matakan da aka ɗauka zuwa yanzu shisha suka fi dosa. A Yunin 2018 Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya nemi jami'an tsaro su aiwatar da haramcin shisha. A 2021 gwamnatin Kano, ƙarƙashin Abdullahi Umar Ganduje, ta sanar da nata haramcin. Tukunyar shisha babba ce, tana buƙatar garwashi da wurin zama, don haka ana iya kai samame a rufe wurin. Sigarin lantarki ba ya buƙatar ko ɗaya. Yana shiga aljihu, ana cinikinsa ta shafukan sada zumunta, kuma ƙamshinsa na alewa ne.

Me ya haɗa wannan da Masanawa?

Masanawa mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Kabo, maƙwabciyar Gwarzo, a yammacin Jihar Kano. Titin Kano zuwa Gwarzo zuwa Dayi, wanda ya ratsa Rimin Gado da yankin Kabo, shi ne ke kai ɗalibai da 'yan ci-rani birni, shi ne kuma ke dawo da su gida lokacin hutu da salla tare da abin da suka saya. Maganin tari mai kodin ya nuna cewa abin da ya kama kasuwar birni ba ya tsayawa a birni. Sai da BBC ta fitar da bincikenta a ƙarshen Afrilun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta shi, bayan ɓarna ta yi nisa. Binciken shan ƙwayoyi na ƙasa na 2018, wanda aka yi da tallafin ofishin UNODC na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ƙiyasta kashi 16 cikin 100 a Jihar Kano, sama da kashi 14.4 na ƙasa baki ɗaya.

Haɗarin yoyo ya fi tsanani a irin waɗannan garuruwa saboda yadda ake zama. A babban gida, yaran wa da na ƙane na shiga shagon samari yadda suka ga dama. Kwalba mai launi da hoton kankana, wadda murfinta ke buɗewa da murɗa ɗaya, a idon ɗan shekara biyu kayan zaƙi ce. Likitocin yara a Najeriya sun daɗe da sanin irin wannan labari daga kananzir da ake zubawa a robar lemo, wanda ke kan gaba a gubar da yara ke sha bisa tsautsayi. Abin da ake yi wa yaron a gida, wato ɗura masa manja ko madara ko sa shi amai da ƙarfi, kan ƙara ta'azzara lamarin.

Alamomin gubar nikotin kan bayyana da wuri: amai, dalalar miyau, gumi, bugun zuciya da sauri, rawar jiki, a wasu lokuta jijjiga da wahalar numfashi. Abin yi shi ne a cire tufafin da ya jiƙe, a wanke fata da ruwa da sabulu, a wanke ido da ruwa mai yawa na kimanin minti 15, kada a sa yaron amai, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar. Ga iyalin da ke ƙauye, wannan na nufin neman abin hawa zuwa asibitin Kabo ko na Gwarzo, in abin ya yi tsanani kuma sai Kano. Ma'aikacin lafiyar da zai karɓi yaron na buƙatar sanin abin da ya sha da ƙarfinsa, kuma kwalbar da babu hukumar da ta tantance rubutun jikinta ba za ta ba shi tabbatacciyar amsa ba.

Haramci ko tsari?

Masu kare na'urar na da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Nazarin da cibiyar Cochrane ta sabunta a 2022 ya sami ƙwaƙƙwarar shaida cewa sigarin lantarki mai nikotin ya fi cingam da filastar nikotin taimaka wa manya su bar taba sigari. Amma an samo wannan shaida ne daga gwaje-gwajen da aka san abin da ke cikin ruwan, kan mutanen da dama mashaya taba ne. Ba ta shafi ɗan sakandaren da bai taɓa kunna sigari ba. Abin da ruwan da ba a tantance ba ke iya yi kuwa an gan shi a Amurka a 2019 zuwa farkon 2020, lokacin da ciwon huhu ya kama mutum 2,807, 68 suka mutu, aka kuma danganta shi galibi da wani sinadari da ake gauraya wa ruwan tabar wiwi na bayan fage.

Masu son haramci su ma na da tasu hujjar, sai dai haramcin da ba a aiwatarwa kan tura kaya ƙarƙashin tebur, inda babu mai tambayar inganci. Ko wane ɓangare aka zaɓa, matsayin da ake ciki yanzu ya fi kowanne muni, domin kayan na shigowa, ana sayarwa, kuma babu wanda za a kama da alhaki.

Mafi ƙarancin abin da Majalisar Tarayya za ta yi shi ne ta shigar da sigarin lantarki da ruwansa cikin dokar 2015 da sunansu, ta kafa iyakar nikotin da girman kwalba, ta wajabta murfin da ya fi ƙarfin yaro da gwajin yoyo a yanayin zafi irin namu, ta kuma fayyace hukuma ɗaya da za ta amsa tambaya. Jihar Kano ba sai ta jira Abuja ba kafin ta hana sayar wa yara, ta kuma umarci asibitocinta, daga na birni har na Gwarzo da Kabo, su riƙa rubuta gubar nikotin a matsayin rukuni na daban. Kafin nan, nauyin ya rage kan duk wanda ya shigo da kwalbar gida: ya kulle ta inda hannun yaro ba zai kai ba, kamar yadda zai yi da maganin feshin gona.