ZAUREN ANTI: Kaskon Karen Gadi

Yau dai masu jiran rikicin samari sai ku yi haƙuri, domin wasiƙar da na zaɓo daban take. Wata ƙanwarku ce 'yar sakandare ta rubuto daga Kaduna, ga abin da take cewa:

"Anti, tun da ɓarayi suka haura mana katanga Baba ya sayo wani ƙaton kare irin na 'yan sanda, ya ce ni zan dinga ba shi abinci. Abincin kanti na buhu ya fi ƙarfinmu, sai Mama ta ce a dinga zuba masa ragowar tuwo da miya. Yanzu duk ya rame, ko haushin kirki ba ya iyawa. Baba ya ce in na kasa zai kai shi daji ya yar. Don Allah Anti ya zan yi?"

To ƙanwata, Allah Ya yi miki albarka da wannan tausayi. Kin dai san hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Dabbar da aka ɗaure a gida amana ce. Kuma ai da ruwan ciki ake jan na rijiya, karen da bai ƙoshi ba wane gadi zai yi?

Matsalar karenku ita ce tuwo zalla ba ya riƙe shi, jikinsa na neman nama. Amma ba sai kin sayi tsoka ba. Ki sa a samo miki kayan ciki masu araha wajen mahauta, irin su tumbi da huhu da 'yar hanta kaɗan, ko kifi, ko dafaffen ƙwai. Ki dafa su da tsakin shinkafa ko garin masara, ki jefa kabewa ko karas. In kin kasa abincin gida uku, to kashi ɗaya aƙalla ya zama na nama ne. Ki busar da ɓawon ƙwai ki daka shi lukwi, ki dinga barbaɗa kamar ƙaramin cokali guda kullum saboda ƙarfin ƙashi.

Sai batun yawa. Irin wannan kare in ya girma yakan kai kilo 30 zuwa 40. Ki fara da wajen kilo 1 na wannan dafaffen haɗi a rana, ki raba biyu, safe da yamma. Kada ki jibga masa duka lokaci guda, kuma kada ya hau guje-guje da gama ci, domin manyan karnuka cikinsu kan kumbura ya murɗe, abin da ke kisa cikin sa'o'i. Bayan sati biyu ki duba shi. In kina hango haƙarƙarinsa daga nesa, ki ƙara. In an shafa ba a ji ƙashin ba sai an danna, ki rage. Wannan awo ya fi kowane sikeli.

Yanzu ki buɗe kunne da kyau. Miyar nan da ake zuba masa akwai albasa da tafarnuwa, su kuwa lalata wa kare jini suke yi sannu a hankali. Haka goro da cakulan da inabi, duk guba ne gare shi. Dafaffen ƙashin kaza yakan tsage ya huda hanji. Masarar da ta yi fumfuna ma kar ki ce ai kare ne, hanta take kamawa. Kaskonsa ya zama nasa shi kaɗai, a wanke kullum, ruwan sha kuma kar ya yanke.

In wata rana Baba ya samu hali zai sayi na buhu, kar ku kalli kuɗin buhun kawai. Ku duba awon da aka rubuta a bayansa, ku lissafa kwana nawa zai yi. Wani mai arahar sai an zuba da yawa kafin kare ya ƙoshi, kin ga araha ba ta yi rana ba ke nan.

Abu na ƙarshe, ramar nan tana iya zama tsutsar ciki ce. Ki lallaɓa Baba cikin ladabi, lokacin da ya ci abinci ya huta, ki roƙe shi a kai karen wajen likitan dabbobi a ba shi magani, a yi masa allurar haukan kare. In kuwa da gaske riƙon ya gagara, a bai wa wanda zai iya, kar a yar da shi.

Ki sake rubuto mini in ji yadda kuka ƙare. Sauran ƙannena kuma ina jiran wasiƙunku. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum,
Anti